Amsar tambayar Malama kan karanta ƙagaggen labari da na gaskiya

Assalamu alaikum jama'a. Malama, na saurari muryarki. Kin ce in kika ɗauki ƙagaggen labari sai ki ji kamar ɓata lokaci kike, in kuma kika ɗauki littafin bincike, kafin ki yi nisa barci ya yi awon gaba da ke. To ni dai bibbiyu nake karanta su, amma sai na tabbatar magana ɗaya suke yi.

Bari in ba ki misali. Akwai Empire of Pain na Patrick Radden Keefe, wanda ya fito a 2021. Ɗan jarida ne, ya bi diddigin iyalan Sackler, waɗanda su ne masu kamfanin Purdue Pharma lokacin da ya fitar da ƙwayar kashe raɗaɗi ta OxyContin a Amurka a 1996. Ya nuna yadda aka baza 'yan talla wurin likitoci ana ce musu ƙwayar ba ta cika kama mutum ba, alhali kuwa tana kamawa. Aiki ne na gani na faɗa, ga takardun kotu, ga saƙonnin cikin gida. Sai dai kusan duk a ofisoshin masu kuɗi ake yinsa.

Sannan ki ɗauko ƙagaggen labarin Demon Copperhead na Barbara Kingsolver, na 2022, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 2023. Wani yaro maraya ne a tsaunukan jihar Bajiniya ta Amurka, ana ta tura shi daga wannan gidan riƙo zuwa wancan. Ya fara samun kansa a ƙwallon makaranta, sai ya ji rauni a gwiwa, likita ya rubuta masa ƙwaya. Shi ke nan, Malama. Kina ganin yadda yake ƙirga sauran ƙwayoyin da ke cikin kwalba, yana lissafin ko za su kai shi. Abin da Keefe ya yi bayaninsa da hujjoji, nan ga shi a jikin yaro ɗaya. Eh, littafin yana da tsawo, tsakiyarsa ma tana ɗan jan ƙafa, amma ki daure.

Shawarata ki fara da labarin. In tausayin yaron ya kama ki, ke da kanki za ki so sanin wa ya jawo wannan masifa, kuma a lokacin littafin binciken ba zai sa ki barci ba.

Haka za ki iya yi da Afterlives na Abdulrazak Gurnah, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2021; ƙagaggen labari ne da ya taɓo zamanin mulkin Jamus a gabashin Afirka. Ki haɗa shi da kowane littafin tarihi kan mulkin Jamus a gabashin Afirka da tawayen Maji Maji da aka yi wa Jamusawan a 1905.

Na cika ku da surutu. In kin gama Demon Copperhead ki turo murya, ina so in ji ko ke ma kin ɗora wa likitan nan laifi. Na gode.