Jirgin ƙasa na alfarma ko rangadin da aka tsara wa iyali: wanne zan sayar wa attajiran da nake hulɗa da su?

Wani mai kamfanin shirya tafiye-tafiye a Kano ya aiko da tambaya. Ya ce shekara tara ke nan yana harkar tikitin jirgin sama da Umara, kuma a cikin abokan cinikinsa akwai attajirai kusan ashirin da suka fara tambayarsa inda za su kai iyalansu hutu ban da Dubai da Misra. Ya ga hotunan jiragen ƙasa na alfarma na Afirka ta Kudu da Turai sun burge shi, har yana tunanin ya sa jarinsa ya kama ɗakuna a cikinsu tun da wuri, ya zo ya sayar. A gefe guda kuma wani abokinsa ya ba shi shawarar ya bar zancen jirgi, ya riƙa tsara wa kowane iyali rangadinsu na musamman, da motarsu da jagoransu. Yana son sanin wanne ya fi riba, wanne kuma ya fi hatsari.

Alhaji, na gode da wannan tambaya, kuma zan fara da faɗa maka inda na karkata kafin in kawo hujja. Ka gina kasuwancinka a kan rangadin da kake tsarawa da kanka, jirgin ƙasa kuma ya zama kwana biyu ko uku da kake sakawa a cikin rangadin ga wanda ya dace da shi. Batun kama ɗakuna da kuɗinka kafin ka samu mai saye kuwa, ina roƙonka ka ajiye shi gaba ɗaya.

Mu fara duba abin da kake son sayarwa. Jirgin Rovos Rail na Afirka ta Kudu, wanda Rohan Vos ya kafa a 1989, yana tashi daga tasharsa da ke Pretoria zuwa Cape Town, tafiyar kilomita kusan 1,600, yana tsayawa a Kimberley, garin lu'ulu'u, da kuma Matjiesfontein, kuma fasinjojinsa ba sa wuce 72. Yana da doguwar tafiya ta kimanin mako biyu daga Cape Town har Darussalam a Tanzaniya. Blue Train, mallakar kamfanin gwamnati Transnet, shi ma tsakanin Pretoria da Cape Town yake zirga-zirga. A Turai akwai Venice Simplon-Orient-Express, wanda aka farfaɗo da shi a 1982 da taragun da aka ƙera tun shekarun 1920 da 1930, yanzu kuma yana hannun kamfanin Belmond, wanda LVMH, kamfanin kayan alfarma na Faransa, ya saye a 2019. A Indiya akwai Maharajas' Express da ya fara aiki a 2010, yana tafiya daga Oktoba zuwa Afrilu kawai saboda zafi da damina. Duk waɗannan kaya ne masu kyau, kuma ba na ganin laifin wanda hotunansu suka ɗauke masa hankali. Abin lura shi ne kowannensu kaya ne da mai shi ya riga ya ɗaure: ya yanke ranar tashi, ya yanke farashi, ya yanke inda za a tsaya da abin da za a ci, ya kuma buga duk wannan a intanet inda kowa zai gani. Kai a nan dillali ne mai jiran la'ada, kuma dillalin da mai saye ya san farashin kayansa tun daga gida ba shi da wurin ƙara ko sisi.

Bari mu yi lissafi da alƙaluman misali, ka maye gurbinsu da na gaskiya idan ka karɓi farashi. A ce ɗakin mutum biyu a jirgi ya kama dala 10,000, kamfanin kuma ya ba ka la'adar kashi 10 cikin ɗari, ka samu dala 1,000, aikinka kuma bai wuce 'yan saƙonni ba. A ce kuma ka tsara wa iyali mai mutum shida rangadin kwana goma, kuɗin masauki da mota da jagora da abinci ya tashi dala 20,000, ka ɗora kashi 15 na aikinka, ka samu dala 3,000. Wahalar na biyun ta ninka ta farkon sau da yawa, amma kai ne ka yanka wa kanka ribar, kuma babu wani shafi da abokin cinikinka zai buɗe ya ga irin wannan tsarin daidai a farashi mai rahusa, domin kai kaɗai ka haɗa shi. Abin da kake sayarwa a nan shi ne sanin da ka yi wa mutanen nan cikin shekara tara, kuma wannan jari ne da babu wani kamfani a Landan ko Pretoria da yake da shi.

A kan wannan sanin nake so in daɗe, domin shi ne zuciyar maganar. Ka tambayi kanka yadda attajiran da kake hulɗa da su suke yin tafiya. Galibinsu da iyali suke fita, uwargida da yara, wani lokaci har da mahaifiya da mai aiki, alhali ɗakunan waɗannan jirage an yi su ne don mutum biyu, kuma yanayin cikinsu na manya ne masu son zama shiru suna kallon daji ta taga. Iyali mai mutum shida ɗaki uku za su kama, yaro ɗan shekara takwas kuma zai gundura tun kafin la'asar ta ranar farko. Sannan akwai batun abinci da abin sha. A Rovos Rail da Blue Train kuɗin tikiti ya haɗa har da giya, ma'ana Alhajin da ba ya sha zai biya kuɗin abin da ba zai taɓa ba, kuma zai ci abincin dare a tarago ɗaya da masu sha, shi da matarsa. Wasu ba za su damu ba, wasu kuwa ba za su yafe maka ba idan ba ka faɗa musu tun a Kano ba. Naman halal sai an nema tun da wuri, kuma ka karɓi amsar a rubuce. Rovos Rail yana buƙatar shigar ƙasaita a lokacin cin abincin dare, wato kwat da lakataye ga maza, saboda haka ka tambaya a rubuce ko babbar riga da hula sun wadatar. Hatta wanka abin tambaya ne: a tsofaffin ɗakunan Venice Simplon-Orient-Express babu wurin wanka, bayan gida kuma a ƙarshen tarago yake ana tarayya da sauran fasinjoji, sai wanda ya kama manyan ɗakuna masu tsada ne yake da nasa. Ka yi tunanin Hajiyar da za ta yi alwala sau biyar a rana a irin wannan wuri, bayan mijinta ya biya dubban daloli.

Rangadin da ka tsara da kanka yana warware kusan duk waɗannan. A Cape Town, alal misali, akwai tsohuwar al'ummar Musulmi, akwai unguwar Bo-Kaap da Masallacin Auwal da aka kafa a 1794, akwai gidajen abinci masu shaidar halal da yawa, kuma kana iya kama wa iyali gida sukutum mai kicin maimakon ɗakunan otal huɗu. Direba zai tsaya idan lokacin salla ya yi, ranar Juma'a a tsara ta yadda za a samu masallaci, idan Hajiya ta ce yau kasuwa take so a fasa zuwa dutse a tafi kasuwa. Wannan sassaucin shi ne ainihin jin daɗi a wurin mutumin da ya saba a gidansa da kasuwarsa a yi abu lokacin da ya ce a yi.

Sai babban hatsarin da ya sa na ce kada ka kama ɗakuna da jarinka. Jirgin ƙasa yana da ranar tashi guda, ba ya jiran kowa, kamfanonin kuma sukan nemi a kammala biya makonni da dama kafin tafiya, wanda ya fasa a kurarren lokaci kuma yakan yi asarar mafi yawan kuɗinsa ko dukansu. Ka haɗa wannan da halin mutanenmu da ka fi ni sani: Alhaji zai ce maka zai tafi a watan gobe, sai kaya su iso tashar jiragen ruwa, ko a sa ranar ɗaurin auren 'yar abokinsa, ko a yi rasuwa, ya ce a ɗaga da mako guda. Otal da mota sukan ɗagu, jirgi kuwa ya tafi. Ka ƙara da biza. Bizar Schengen, wadda ake buƙata don shiga Faransa da Italiya, a ƙa'ida kwana 15 ake ɗauka kafin a yanke hukunci, amma doka ta yarda a kai har kwana 45, ban da jiran samun ranar ganawa, kuma babu tabbacin za a bayar. Ɗakin da ka kama da kuɗinka, idan ranarsa ta wuce ba a kwana a ciki ba, ya zama asara tsantsa. Buhun shinkafa idan bai sayu yau ba yana nan a sito har gobe, wannan kuwa babu abin da zai rage a hannunka.

Canjin kuɗi ma yana cin riba a ɓoye, kuma wannan ya shafi hanyoyin biyu. Ka tuna kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Ko ƙaramin motsi ya isa ya yi ɓarna. Idan ka karɓi kuɗin tikitin dala 10,000 a kan naira 1,500, ka yi jinkirin biya har dala ta kai 1,600, ka yi asarar naira miliyan ɗaya, alhali la'adarka gaba ɗaya naira miliyan 1.6 ce. Saboda haka ka yanka farashi da dala, ka rubuta cewa za a biya da canjin ranar biya, duk abin da ka karɓa kuma ka canza shi ko ka tura wa masu shi a ranar. Kada ka juya kuɗin abokin ciniki a wata harkar da niyyar mayarwa kafin lokaci, domin ta wannan ƙofar kamfanonin tafiye-tafiye da yawa suka rasa mutuncinsu.

Ba zan ɓoye maka nauyin da ke cikin hanyar da na zaɓa maka ba. A jirgin ƙasa, idan abinci bai yi daɗi ba ko aka makara, laifin na kamfanin jirgi ne, kuma suna da ma'aikatan da suka ƙware a kan lallashin fasinja. A rangadin da ka tsara, idan direba bai zo filin jirgin sama ba da ƙarfe biyun dare, wayarka ce za ta yi ƙara, sunanka ne kuma za a ambata a majalisar da sauran attajiran nan ashirin suke zama. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Don haka kada ka buɗe ƙasashe goma lokaci guda. Ka zaɓi biyu, ka samu a kowace ƙasa kamfanin gida mai rajista da zai riƙe maka motoci da jagorori da masauki, ka je da ƙafarka ka kwana a inda za ka kwantar da mutane, ka ci abincin da za su ci. Kuɗin da ka yi niyyar zubawa a ɗakunan jirgi, a wannan tafiyar gani da ido ya kamata ka kashe wani ɓangare nasa. Ka rubuta yarjejeniya da kowane abokin ciniki, mai bayyana abin da kuɗinsa ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, da abin da zai dawo masa idan ya fasa ko aka hana shi biza, ka karɓi kafin alƙalami wanda ya kai duk abin da kai ma ba za a mayar maka ba, ka kuma sa inshorar tafiya ta zama sharaɗi.

To ina gurbin jirgin? Yana nan, kuma gurbi ne mai kyau. A cikin mutanenka ba za a rasa biyu ko uku ba da suka zaga duniya har otal ya daina burge su, ko dattijon da ya aurar da 'ya'yansa yake son fita da matarsa su biyu, ko ango da amarya. Irin waɗannan ka ba su kwana biyu ko uku a jirgi daga Pretoria, sannan su sauka a Cape Town inda motarka da jagoranka suke jiransu, ka ci la'adar jirgi ka kuma ci ribar sauran kwanakin. Ga masu sha'awar tarihin Musulunci, kamfanin jiragen ƙasa na Sifen, Renfe, yana da jirgin yawon buɗe ido mai suna Al Ándalus da ke zagaya yankin Andalus, inda tsohon masallacin Ƙurɗuba yake. Ga iyali masu yara kuwa, jirgin yini ɗaya ya fi: Glacier Express a Suwizalan yana ɗaukar kimanin awa takwas tsakanin Zermatt da St. Moritz, a ga duwatsun ƙanƙara, da dare kowa ya kwana a otal. A kowane hali, sai abokin ciniki ya biya kuma bizarsa ta fito, ko ya sa hannu cewa ya yarda da asarar idan ba ta fito ba, sannan ka kama ɗakin da sunansa.

Akwai kuma gwajin da za ka iya yi a bana ba tare da ka fita daga harkar da ka sani ba. Mutanenka sun riga sun san jirgin Haramain da aka buɗe a 2018, mai haɗa Makka da Madina ta Jidda a tafiyar kilomita 450. Ka zaɓi iyali uku daga cikin masu zuwa Umara ta hannunka, ka tsara musu ta musamman: kujerun manya a jirgin, mota mai jira a kowace tasha, jagora mai jin Hausa, da ƙarin kwana biyu a Ɗa'if ko Al-Ula. Ka rubuta kowace naira da ka kashe da kowace awa da ka ɓata a kansu, idan sun dawo kuma ka je har gida ka tambaye su abin da ya fi yi musu daɗi da abin da ya ɓata musu rai. Da wannan lissafin a hannunka za ka san kashi nawa ya kamata ka ɗora a kan aikinka kafin ka yanka wa kowa farashin Cape Town.