Tambayi Likita: Garin 'Ya'yan Kuka Zai Maye Gurbin Maganin Suga?

Likita, shekarata 6 da ciwon suga. An ce min farin garin 'ya'yan kuka na hana suga hawa. In ajiye metformin in koma masa? Wani dattijo daga Gusau.

Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Don Allah kada ka ajiye maganinka, ko da yake maganar da ka ji tana da tushe.

Ka taɓa gatsar yazawa ko ɗanyar ayaba ka ji bakinka ya ɗaure? Wannan baurin aikin tanin ne, ɗaya daga cikin dangin sinadaran da ake kira folifenol. Suna cikin gwaiba, tuffa, inabi, tsamiya da 'ya'yan kuka, su ne ma ke ba zoɓo jan launinsa. To, idan ka ci tuwo ko burodi, jiki na da ma'aikatan da ke daddatsa sitaci ya koma suga, ana ce musu inzayim. Ɗaya sunansa amilas, tun a yawun baki yake fara aiki, shi ya sa in ka daɗe kana tauna burodi kake jin zaƙi-zaƙi. Wani kuma, gulukosidas, yana jikin ƙaramin hanji. Folifenol kan maƙale wa waɗannan ma'aikata ya rage musu sauri, sai suga ya riƙa shiga jini a hankali maimakon ya afka lokaci guda. Akwai ma maganin asibiti, acarbose, da ke aiki ta wannan hanya.

A 2013 masu bincike a Jami'ar Oxford Brookes ta Ingila sun gwada 'ya'yan kuka tare da farin burodi, suka ga hawan suga ya ragu. Sai dai mutane kaɗan aka gwada, lafiyayyu, aka auna su na 'yan awoyi. Irin wannan bai kai a ce majinyaci ya bar magani ba. Kuma na san yadda muke shan sa: a dama da nono, a zuba sukari cokali uku. Nan an rusa amfanin. Ka sha ba sukari, ka auna jininka awa 2 bayan cin abinci, ka kai wa likitanka sakamakon.

Likita, ina sayen ƙwayoyin antioksidan masu tsada, wai suna wanke jiki su hana tsufa. Wata uwargida daga Zariya.

Hajiya, kuɗin nan ya fi amfani a wurin mai lemo da kankana. Yanka tuffa ki ajiye minti 10, za ki ga ta yi duhu. Matsa mata lemun tsami, sai duhun ya yi jinkiri. Kwatancin aikin antioksidan ke nan, wato kare abu daga ɓarnar iskar oksijin. A kwalbar gwaji folifenol gwani ne a wannan aiki, amma a cikin mutum kaɗan ne ke shiga jini, hanta kuma ta sauya shi nan da nan. A 2012 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta janye jadawalinta na ƙarfin antioksidan a abinci, saboda 'yan kasuwa na talla da alkaluman da ba su nuna abin da ke faruwa a jiki. Abin da ya tabbata shi ne cin ɗan itacen gaba ɗayansa, da harzarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da ganye kowace rana.

Ina shan nifedipine na hawan jini, mai kemis ya hana ni garehul. Gaskiya ne? Wani malami daga Maraɗi.

Gaskiyarsa, Malam. Garehul, wato babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci, na ɗauke da wasu sinadarai daban da ke toshe inzayim ɗin hanji mai rage ƙarfin magani kafin ya shiga jini. Idan ya toshe, maganin sai ya taru fiye da ƙima, jini ya faɗi, jiri ya kwashe ka. A Kanada aka fara gano haka a 1989. Ya shafi simvastatin na kitsen jini ma, kuma tasirin kofi ɗaya na ruwan garehul kan wuce yini guda, don haka raba lokacin shan su ba ya magance matsalar. Lemun zaƙi kam sha abinka.