Ba sace shi aka yi ba a Tenerife

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske 'yan ƙwaya ne suka sace Jay Slater, saurayin nan ɗan Ingila da ya ɓace a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, kamar yadda ake faɗa a wani bidiyo da ke yawo. A'a, ba haka ba ne. Ranar 17 ga Yuni 2024 ya ɓace, yana ɗan shekara 19. Da safe ya kira abokiyarsa ya ce ya ɓata hanya, ƙishirwa na damunsa, cajin wayarsa saura kashi 1 cikin ɗari. Sai ranar 15 ga Yuli masu ceto suka gano gawarsa a wani kwazazzabo kusa da ƙauyen Masca, wuri mai duwatsu da wuyar shiga. Likitoci sun ce faɗowa ya yi, kotun bincike a Ingila kuma ta tabbatar a 2025 cewa hatsari ne.

Abin da ya fi ci min rai shi ne shaci-faɗin da aka yi ta yi a TikTok da Facebook. Har uwarsa ba su ƙyale ba, wai kuɗin taimako take nema, alhali baiwar Allah tana can tana jiran labarin ɗanta. Don Allah kar ka tura bidiyon nan gaba.