Amsoshin Tambayoyinku: Tarwaɗa, Ramboshi Ko Ɗan Ruwa-biyu?

Tambaya daga wani mai karatu a Yawuri: Malam, na haɗa tankin tamfol biyu ina son fara kiwon kifi. Mai ƙyanƙyasa ya ce yana da tarwaɗa, yana da ramboshi, yana kuma da ɗan ruwa-biyu wanda ya fi tsada. Ni duk iri ɗaya nake ganinsu. Wanne zan saya, kuma yaya zan gane ba a yi mini musanya ba?

Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Idonka bai yi laifi ba, domin su ukun gida ɗaya suka fito. Masana suna kiran dangin nasu Clariidae: kifaye marasa ɓawo, masu gashin baki, masu wata gaɓa mai rassa a cikin kai wadda suke shaƙar iska da ita. Shi ya sa tarwaɗa take kwana a kwano da ɗan ruwa kaɗan ta wayi gari da ranta. Sai dai kama da wane ba ta wane.

Ranar da za ka je saye, tafi da kwalba mai haske. Ɗebi guda biyar ko shida waɗanda suka kai tsawon yatsa, ka ɗaga su a rana, ka kalli gadon bayansu. Tarwaɗa fiffike ɗaya gare ta, dogo, daga bayan kai har ya kusa taɓa wutsiya. Na ramboshi kashi biyu ne: na gaba mai tsinkaye, sai wani lafcecen tsokan kitse marar tsinke ya biyo baya har gindin wutsiya. Ɗan ruwa-biyu, wato ɗan da ake samu idan an haɗa auren tarwaɗa da ramboshi, yana tsakiya, fiffikensa dogo ne amma akwai ɗan guntun kitsen nan a ƙarshe. Idan an ce maka ruwa-biyu ne ka duba ba ka ga guntun nan ba, to kuɗin tarwaɗa za ka biya.

Abin da ya sa aurensu yake haihuwa shi ne kusancin jini. Tarwaɗar da ake kiwo ita ce Clarias gariepinus, wadda aka yi wa suna a 1822 daga kogin Gariep na Afirka ta Kudu. Ramboshi kuwa yana cikin Heterobranchus. Da masana suka binciki ƙwayoyin halittarsu, sai suka tarar tarwaɗar tamu ta fi kusa da ramboshi a kan wasu kifayen da suke amsa sunan Clarias tare da ita. Duk da haka ba su zo daidai ba. Tarwaɗa tana da kuromozom 56, wato ƙunshin gadon da ke cikin ƙwayar halitta, nau'in ramboshin da ake kira longifilis yana da 52, ɗansu kuma ya tashi da 54. Wannan rashin daidaiton ne yake raunana haihuwarsa. Don haka kada ka taɓa ajiye ɗan ruwa-biyu da niyyar ya zama uwa ko uban iri. Na ci ne da sayarwa.

Shawarata, tunda sabon hannu ne kai kuma tankinka tamfol ne, fara da tarwaɗa zalla. Tana jure kuskuren ɗan koyo, irinta ya fi sauƙin samu, kuma cikin wata biyar zuwa shida kana iya kwashewa idan abinci bai yanke ba. Masu banda ma ba sa jiran ta kai haka. Ramboshi ya fi ta girma nesa, a kogi yana wuce mita ɗaya, amma yana son lokaci da fili, kuma lokaci a wannan sana'a buhunan abinci ne. Ruwa-biyu sai ka yi zubi ɗaya ko biyu ka san hannunka, musamman idan kana da masu gashin kifi da suke neman manya.

Kowanne ka ɗauka, ka nemi masu kai ɗaya, domin su ukun duka suna cin junansu, babba ya haɗiye ƙarami. Ka riƙa tace su kana raba su gwargwadon girma a makonnin farko. Ka ce a nuna maka iyayen, mai ƙyanƙyasa na gaskiya ba ya ɓoye su. Kai da kake Yawuri ma ka yi sa'a, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana nan New Bussa kusa da madatsar Kainji, tafiyar ba ta fi ƙarfinka ba.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Haɗeja: Na sayi 'ya'yan karfasa daga hannun masunta na zuba a kududdufi. Wata bakwai ke nan, sun cika ruwan maƙil amma ba wanda ya kai tafin hannu. Me ya faru?

Hajiya, abin ya taɓa ni, domin na san abincin da kika zuba. Karfasa suna ne da muka yi wa kifaye da yawa rufi ɗaya. Wata masaniyar Ingila, Ethelwynn Trewavas, ita ta rarrabe su bisa yadda suke renon ƙwai. Oreochromis niloticus, wadda ake kiwo, macen ce take goyon ƙwai a bakinta. Wata kuma, mai jan ciki, a ƙasa take zuba ƙwanta iyaye biyu su yi gadi, ba ta da saurin girma, kuma tun 2013 aka mayar da ita wani gida mai suna Coptodon. Komar masunci ba ta tantancewa, duk ta kwaso miki. Ga maza ga mata a haɗe, sai haihuwa ta cinye ƙarfin girma.

Ki kwashe su gaba ɗaya, ki busar da kududdufin. In za ki sake zubi, ki nemi zallar maza daga mai ƙyanƙyasa, ki kuma duba wutsiya: ta kiwon tana da siraran zane a tsaye, jere har ƙarshe.

Tambaya daga wani manomin fadama a Gaya ta Nijar: An ce in zuba bargi a tafkina. Shin ɗan'uwan karfasa ne, tunda duk masu ɓawo ne?

Malam, ɓawo ne kawai ya haɗa su. Bargi tsohon gida ne, cikin kifayen da ake ce wa masu ƙashi a harshe, kuma a ruwanmu yauni ma yana cikin wannan gidan. Ɗan'uwansa na kusa kuwa yana can kogin Amazon, wani ƙaton kifi da ake kira arapaima. Masana ilimin ƙasa sun ce Afirka da Kudancin Amurka a manne suke kafin su rabu kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. Duk lokacin da na ga bargi a faifan mai kifi sai wannan nisan ya faɗo mini a rai.

Ga tafkin ƙasa irin naka ya dace ƙwarai. Ƙananan halittun ruwa da abin da ya kwanta a laka yake tacewa, don haka takin da ka zuba ya koranta ruwan shi ne rabin abincinsa, kuma yana zama lafiya da karfasa. A tankin siminti ne ba ya yin daɗi. 'Ya'yansa yawanci daga fadama ake kamo su da damina, lokacin da iyayen suke yin sheƙa zagayayya a cikin ciyawa. 'Yan mitsi-mitsin ba sa jure ɗauka, saboda haka ka jira waɗanda suka wuce tsawon yatsa, ka ɗauko su da sanyin safiya, kuma kada ka zuba su inda akwai manyan tarwaɗa.