Amsoshin Wasiƙunku: Harsashin Barewa Ga Sabon Hannu

Tambaya: Malam, ɗiyata mai shekara 16 ta matsa sai ta fara bina farautar barewa. Ba ta da jiki, ina tsoron kada bindiga ta ji mata ciwo a kafaɗa. Wane harsashi zan nema mata?

Amsa: Alhaji, kwantar da hankalinka, wannan fargabar ta uba ce mai tunani. Nemi bindiga mai cin harsashin .243 Winchester (lambar faɗin ƙwayarsa ce a inci). Tun 1955 ake amfani da shi. Kwanson harsashin .308 aka matse wa baki aka sa masa ƙaramar ƙwaya, shi ya sa shurinsa bai wuce kusan rabin na babban harsashin farauta .30-06 ba. Amma ka duba kwali da kyau: ƙwaya mai giren 90 zuwa 100 (giren ma'aunin nauyin ƙwaya ne) ita ce ta barewa. Masu giren 55 ko 70 na ƙananan dabbobi ne, tarwatsewa suke yi da wuri, sai su raunata barewa ta gudu ta je ta mutu a wahale. Sannan kada ka ce tunda ba ta da jiki ai bindiga mafi sauƙin ɗauka za a saya. Mara nauyi ta fi shuri. Gara mai ɗan nauyi, wadda gindinta ya yi daidai da tsawon hannunta, a sa mata robar kafaɗa mai laushi.

Tambaya: 6.5 Creedmoor da 7mm-08, wanne ya fi?

Amsa: Barewa ba za ta bambance su ba. Kamfanin Remington ya fitar da 7mm-08 a 1980, kamfanin Hornady ya zo da Creedmoor daga baya. Dukansu sun ɗan ɗara .243 shuri, ba su kai .308 ba. Wanda ka tabbata za ka riƙa samun harsashinsa ba tare da wahala ba, shi za ka ɗauka.

Tambaya: Ban taɓa harbi ba, amma abokaina sun ce in yi ta maza in sayi .300 Winchester Magnum sau ɗaya in huta. Me ka gani?

Amsa: Ka huta da me? Ɗan'uwa, irin wannan wasiƙar na gaji da karanta ta. Abokan nan naka ba kafaɗarsu za a daka ba, ba kuma aljihunsu za a zazzage ba. An ƙera wannan harsashi a 1963 domin manyan namun daji da harbin nesa. Barewar da ke tsaye a mita 100 ba ta buƙatarsa.

Abin da ba sa faɗa maka shi ne zabura. Da zarar bindiga ta shure ka sau biyu sau uku, jikinka ya koyi tsoro ba tare da ka sani ba. Kafin yatsa ya gama jan kunama ido ya runtse, kafaɗa ta tura gaba, bakin bindiga ya sunkuya. Na taɓa tsayawa bayan wani saurayi da kawunsa ya ba shi irin wannan bindiga. Harbin farko madubin saiti ya dawo ya sare shi a gira, jini ya sauko har kan hanci. Bayan mako biyu muka gwada shi, aka cusa masa harsashin gwaji mara albarushi bai sani ba. Ya ja kunama, babu ƙara, amma sai da bindigar ta yi tsalle a hannunsa. Wata da watanni ya yi kafin wannan ɗabi'ar ta sake shi.

Ga kuma ɓarnar kuɗi. Harsashin magnum ya fi tsada, wanda kuma ke jin tsada da zafin kafaɗa ba ya atisaye. Sai ka ga mutum ya harba biyar a shekara yana kiran kansa mafarauci. Da ya sayi ƙarama, ragowar kuɗin ya zuba su a harsashin koyo da madubi na gaske, da ya iya sa ƙwaya bayan kafaɗar barewa, inda huhu da zuciya suke. Toshin kunne ma kada ka raina shi. Ƙarar bindiga ta haura desibel 140, tana lalata ji, kuma wani ɓangare na zaburar da mutane ke yi daga ƙarar take.

Tambaya: Na gaji .30-30 daga mahaifina. Ta tsufa da yawa?

Amsa: Allah ya jiƙansa. Harsashin nan tun 1895 yake kayar da barewa, shurinsa kuma da sauƙi. Kai ta wurin ƙwararren mai gyaran bindiga ya duba kafin ka harba, sannan kada ka wuce mita 150 da ita.

Tambaya: .223 fa? Na ji kusan ba ta shuri.

Amsa: Haka ne, amma fara da tambayar doka da lasisi. Wasu jihohin Amurka sun hana harbin barewa da ita, a Ingila kuma manyan barewa sai da .240 zuwa sama. Ko inda aka halatta, ƙwayarta ƙarama ce, ba ta yafe kuskuren saiti. Yi atisaye da ita a fili yadda kake so, ranar farauta ka ɗauki .243.