Amsa ga mai tambaya kan allurar Sinawa da ciwon ƙugun mahaifiyarsa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ka ce shekara uku ke nan tana fama da ciwon ƙugu, ga kuma ciwon suga, an ba ka shawarar a tsira mata allurai irin na Sinawa, har wai za ta huta da shan ƙwayoyi, shi ne kake so ka ji daga bakin wanda aka taɓa yi wa. Ni an yi mini a birnin Guangzhou na ƙasar Sin lokacin da nake zuwa sarin kaya, bayan dogon zama a jirgi da yawon kasuwa sun riƙe mini ƙugu har sai a zaune nake salla.

Likitan bai fara da bayana ba. Wuyan hannuna ya kama yana jin bugun jini, ya ce in fito da harshe ya duba, sannan ya kwantar da ni rub da ciki, ya yage sabuwar leda a gabana ya zaro allurai sirara kamar silin gashi, waɗanda babu rami a cikinsu balle ruwan magani. Ya tsira wasu a ƙugu, wasu kuma a bayan gwiwa, abin da ya ɗaure mini kai tun da gwiwata lafiyarta lau. Zafin bai kai na allurar asibiti ba, sai dai idan ya murza allurar nakan ji wani nauyi da tsami a wurin. Akan bar su kamar minti 20, sau biyu a mako. A zama na huɗu na fara jin sauƙi, a na goma ina ruku'u da sujada ba tare da dafa bango ba. Bayan wasu watanni ciwon ya sake leƙowa, ko da yake bai kai na da ba, kuma tafiyar ƙafa da rage ɗaukar kaya ne suka riƙe ni tun daga nan.

A bayanin Sinawa, wani ƙarfi da suke kira ci yana gudana a jiki ta manyan hanyoyi 12, ciwo kuma toshewarsa ce, kamar yadda ya zo a littafinsu Huangdi Neijing mai shekara fiye da 2,000. Masu nazarin sassan jiki ba su ga waɗannan hanyoyi ba. Wani bincike da aka yi a Jamus aka wallafa a 2007, kan masu daɗaɗɗen ciwon baya fiye da 1,100, ya nuna cewa waɗanda aka tsira wa allura sun fi waɗanda aka bari da magani da gashin ƙashi samun sauƙi, amma waɗanda aka tsira wa sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba su ma kusan haka suka samu. Abin da na fahimta shi ne tana rage raɗaɗi, amma ba lalle ta hanyar da masu ita suke faɗa ba.

Batun suga kuwa, kada ka yarda ko kusa. Allura ba ta maye gurbin maganin suga ko na hawan jini, kuma duk wanda ya ce Hajiya ta ajiye ƙwayoyinta, ka ɗauke ta ku bar wurinsa. Ciwon sugan ma shi ne dalilin ƙara taka-tsantsan, domin rauni ba ya saurin warkewa, musamman a ƙafa. Yadda ba za ka bari wanzami ya yi mata ƙaho da askar da ya tsaga wani ba, haka za ka tsaya a buɗe sababbin allurai a gabanka, saboda ciwon hanta yana bin allurar da aka maimaita. Idan tana shan maganin tsinka jini, a faɗa wa mai tsira allurar tun kafin ya fara, kuma a tabbata ya yi karatun abin, domin allurar da ta nutse da yawa a saman baya tana iya huda huhu.

Kafin komai, likitanta ya duba ƙugun, musamman idan ƙafa tana mutuwa, ko fitsari yana ƙwace mata, ko tana rama da zazzaɓi. Idan ya amince, ku yi zama shida zuwa takwas, kuna lura da barcinta da yadda take tashi daga sujada, in babu canji ku dakata.