Shawarar Lauya: Ɗan riƙona ya gagare ni, zan iya mayar da shi?

Barista, ƙanwata ta rasu ta bar yaro ɗan shekara uku, na ɗauko shi. Yanzu yana shekara tara, maganarsa ba ta fita sosai, ba ya zama wuri ɗaya, in ransa ya ɓaci sai fashe-fashe da buga kai a bango. Makaranta ta sallame shi. Kwanan nan ya fasa wa ɗan maƙwabta kai, suna cewa za su kai mu wurin 'yan sanda. Maigidana ya ce ko a kai shi gidan mari ko a mayar wa ubansa, wanda ko sabulu bai taɓa aikowa ba. Ina mafita?
Wata baiwar Allah daga Kano

Hajiya, Allah ya jiƙan ƙanwarki, ya ba ki ladan zumunci. Batun gidan mari ki cire shi daga ranki tun yanzu. Ba ki manta abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani irin gidan, wasu da sasari a ƙafa. Gaskiya ne sashe na 55 na kundin dokokin laifuka na Arewa, wato Penal Code, ya bar wa uba ko mariƙi damar yi wa yaro horo, amma bai haɗa da mummunan rauni ba, kuma sashe na 238 ya mai da azabtar da yaro ko wofintar da shi laifi a kan wanda yaron ke hannunsa. In aka ɗaure shi a can, ke da kika miƙa shi kina cikin masu amsa tambaya.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ban ga kin ambaci takarda ko ɗaya ba. Haka riƙo yake a wurinmu, a ɗauko yaro ranar sadakar bakwai da fatar baki, sai rigima ta taso a rasa wa ke da iko da shi. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi, bayan uwa da kaka ta wajen uwa, 'yar'uwar uwa tana gaba da uba a haƙƙin reno. Aurenki da wanda ba muharramin yaron ba ne yana iya raunana wannan haƙƙi, sai dai malamai sun ce wanda ya san da auren ya yi shiru har shekara, to ya zubar da damarsa. Uban ya yi shirun shekara shida. Ciyarwa kuwa, da tufafi da magani, a wuyansa suke ba a naki ba, kuma idan yaro ya balaga da larurar da ta hana shi neman na kansa, ciyarwar ba ta sauka daga kan uba. Kina iya shigar da ƙara ki nemi abu biyu a zama ɗaya: a tabbatar miki da riƙo a rubuce, a yanka wa uban abin da zai riƙa bayarwa duk wata.

Kafin kotu, asibiti. Ki kai shi sashen yara ko na lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a duba shi har da jinsa, domin akwai yaran da ake kira masu taurin kai alhali kunne ne ba ya ji. Ki karɓi rahoton likita mai hatimi. Alƙali ba ya aiki da "yaron ba shi da lafiya", da takarda yake aiki. Da ita kuma za ki tunkari makaranta, domin dokar tarayya ta hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba shi haƙƙin karatu ba tare da nuna bambanci ba. A aikace, in faɗa miki gaskiya, tilasta wa makarantar kuɗi ta mayar da shi wahalarsa ta fi amfaninsa. Gara ki nemi inda ke da malaman da suka san aikin.

Maganar maƙwabta ba ta kai yadda kike tsoro ba. A sashe na 50 na Penal Code, yaron da bai kai shekara bakwai ba ba shi da laifi sam, wanda bai kai sha biyu ba kuma sai an nuna ya san illar abin da ya aikata. Amma an ji wa ɗansu ciwo. Ki biya kuɗin magani, a yi sulhu gaban mai unguwa, a rubuta kowa ya sa hannu.

Mayar da shi kuwa, doka ba ta hana ki ba, kuma gajiya ba zunubi ba ce. Sai dai a yi shi gaban alƙali ko jami'an jin daɗin jama'a na Ma'aikatar Mata, a san hannun da ya koma da yadda zai ci gaba da ganin likita. Ni dai da za ki ji tawa, ki fara karɓo kuɗin ciyarwa da rahoton likita ki ga ko nauyin zai ragu, domin yaron da ke firgita da ƙaramin sauyi, sauya masa gida ba ƙaramin abu ba ne.

Idan kin riƙe shi, ki sani ɗan riƙo ba ya gado saboda riƙo, kuma sunan ubansa zai ci gaba da amsawa kamar yadda Suratul Ahzab ta umarta. Kina da damar yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarki ba, ko kyauta tun kina raye, a damƙa ta hannun amintaccen da zai kula masa da ita, a gaban shaidu. Ki kuma bincika rabonsa na gadon mahaifiyarsa, yana hannun wa. In kuɗin lauya ya yi miki nauyi, ki je ofishin Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, da takardar haihuwarsa, da ta rasuwar mahaifiyarsa, da rahoton likitan.